Zaure a waya, haɗuwa a Birnin Kebbi: yaya za mu riƙe duka biyun?

Na Jega (mai kula da zaure):
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina roƙon a ɗan jingine musun ko ɗan Adam zai iya noma a duniyar Mars, akwai maganar da ta fi shi gaggawa. Mun haura mutum 130 a zauren nan namu na WhatsApp na masu son ƙagaggun labaran kimiyya, amma haɗuwar wata-wata ta Birnin Kebbi ba ta tara fiye da mutum 15, kuma fuskokin nan ne dai kullum: na cikin gari, na Kalgo, sai na Jega idan an dace da mota. Abin da ke damuna shi ne shawara ta koma can. A can ake zaɓen labarin da za a karanta, a can aka tsayar da kuɗin wata, na nesa sai dai su wayi gari su ga sanarwa. Masu zuwa kuma suna cewa su ke biyan kuɗin mota da na man janareto, don haka wanda bai taɓa taka ƙafa ba bai kamata ya warware abin da aka zauna aka ƙulla ba. Ina so mu fito da tsarin da za a rubuta a bi. Kowa ya kawo abin da ya sani.

Ɗan Zuru:
Wa alaikumus salam. Malam, a fara da lissafin hanya tukuna. Na Argungu yana iya karya kumallo a gida, ya zo taro, ya koma kafin la'asar. Na Zuru kuwa zaman awa biyu a Birnin Kebbi kwana biyu ne a wurinsa: yinin zuwa, kwana, yinin komowa, don ba mai hankalin da zai bi hanyar nan da dare. Haka na Yauri, da ɗan sauƙi dai. Saboda haka rashin zuwa ba rashin kishi ba ne.

Shawarata ɗaya ce. Taron ido da ido ya tattauna, ya kawo zaɓi biyu ko uku, amma hukunci a yanke shi a nan ta hanyar ƙuri'ar WhatsApp. A bar ƙuri'a a buɗe awa 72, saboda akwai wanda sai ya yi kwana biyu bai samu caji ko data ba. A kashe wurin da ke ba mutum damar zaɓen amsa fiye da ɗaya, in ba haka ba lissafi ya rikice. Abin da ya shafi ranar taro kaɗai, kamar wa zai kawo tabarma, wannan masu zuwa su ji da shi.

Baba na Gwandu:
Ɗiyana, wanga zance ba sabo ba ne, da shi anka haifi harkar nan tun farko. A 1926 Hugo Gernsback ya fara buga mujallar Amazing Stories a Amurka, mujalla ta farko da ta keɓe kanta ga ƙagaggun labaran kimiyya. Yana buga wasiƙun masu karatu haɗe da adireshinsu. Daga nan sunka fara rubuta ma juna, mutanen da ba su taɓa ganin fuskar juna ba, sannan sunka kafa ƙananan ƙungiyoyi, sunka fara buga 'yan mujallunsu na hannu suna aikawa ta gidan waya. Babban taron duniya na masu son waɗannan labarai sai a 1939 anka fara shi a birnin New York, shekara 13 bayan fitowar mujallar. To kun ga abota daga nesa ita ce uwa, taro ɗanta ne. Kada na Birnin Kebbi su ɗauka su ne ƙungiya, sauran 'yan kallo. Amma kuma ku lura, duk daɗin wasiƙa bai hana su neman ganin juna ba. Zumunci a ƙafa yake, masu iya magana ba su yi ƙarya ba.

Malama 'Yar Argungu:
Allah ya ƙara girma Baba. Ni zan taɓo abin da ba a faɗa ba. Ba nisa kaɗai ke hana zuwa ba, lokaci ma yana hanawa. Akwai mata a zauren nan da ke zaune cikin Birnin Kebbi, tafiyar keke napep ɗaya ce tsakaninsu da wurin taro, amma ba sa zuwa, don an sa taro daga bayan la'asar zuwa isha'i. A nan rana tana faɗuwa wajen shida da kwata a watan Nuwamba da Disamba, ta kai bakwai da 'yan mintoci a Yuni da Yuli. Budurwar da aka ce ta dawo gida kafin magariba, ko matar aure mai girkin dare, in an fara biyar saura, aka ɓata rabin awa ana jiran mutane, me ya rage mata?

An sa shi da yamma ne saboda majigi yana son duhu. To a raba abu biyun. Tattaunawar littafi ranar Asabar daga ƙarfe 10 na safe zuwa azahar, ba ta buƙatar wuta ko duhu. Kallon fim ya zama nasa daban, mai so ya tsaya. Lahadi da safe ba za ta yiwu ba saboda 'yan'uwanmu Kirista da ke zuwa coci, Juma'a kuma kun sani. Asabar ɗin ma a duba, ranar biki ce, don haka a riƙa sanar da rana tun saura mako uku.

Sai wuri. Aji a makaranta, ko ɗakin karatu, ko zauren taro na wata cibiya, inda uba zai iya zuwa ya leƙa ya ga abin da ake yi. Ba ɗakin wani saurayi ba, ba bayan shago ba. Kuma a cikin sanarwa a sa lambar mace ɗaya babba da iyaye za su iya kira.

Ɗan Zuru:
Malama ta yi gaskiya kan Lahadi. Mun gode da aka tuna.

Injiniya na Kalgo:
Bari in yi bayanin haɗa taro da na nesa kai tsaye, don an gwada ana cewa "ba ma ji, ba ma ji" har a gaji a kashe. Yawancin matsalar ba ta sabis ba ce, ta tsarin ɗaki ce.

Na farko, waya ɗaya tak ce za ta shiga kiran daga cikin ɗakin. Da zarar mutum biyu a ɗaki ɗaya sun shiga kira ɗaya, muryar da ta fito daga sifikar wannan sai ta shiga makirfon wancan, ta zagayo, shi ne kukan nan mai tsinin da ke huda kunne. Ko da na biyun ya kashe makirfonsa, in sifikarsa na kunne sai an ji amsa-amo. Kowa ya fita, a bar ɗaya.

Wayar nan a ɗora ta a kan tebur a tsakiyar da'ira, a sa mata ɗan tsumma ko littafi a ƙasa don kada ta kwashi ƙarar bugun tebur. Makirfon waya ba ya kama magana sosai in mai magana ya wuce mita biyu, saboda haka in an fi mutum goma, mai magana ya matso ko a miƙa masa wayar. Fanka mai tsayuwa kada ta fuskanci wayar. Mu a ɗaki ba ma jin komai, amma na nesa iska kawai suke ji kamar guguwa. In ana amfani da janareto a kai shi waje, nesa da taga da ƙofa, aƙalla mita shida. Wannan ba don ƙara kaɗai ba, hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji warinsa ba.

A manta da bidiyo. Kiran bidiyo na taro yana iya cin rabin gig zuwa gig ɗaya a awa, murya kaɗai ba ta kai MB 100 ba. Kuma in sabis ya yi rauni, murya tana jurewa, bidiyo ne ke fara daskarewa ya ja muryar su faɗi tare. Dangane da manhaja: kiran rukuni na WhatsApp yana ɗaukar mutum 32, Zoom na kyauta yana yankewa bayan minti 40, Google Meet na kyauta bayan awa ɗaya in an kai mutum uku. Telegram yana da zauren murya wanda mai kula zai iya naɗa, amma sai kowa ya sauke manhajar. A yawanmu WhatsApp ya isa.

A gwada sabis a cikin ɗakin da za a zauna, ba a bakin titi ba, kuma a daidai lokacin da za a yi taron, mako guda kafin ranar. A zo da layuka biyu na kamfanoni daban. Wani abin da ake mantawa: daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, wayar da ke kira tana caji kuma tana raba data ga kwamfuta za ta yi zafi ta rage aiki ko ta mutu gaba ɗaya. A cika ta tun a gida, a cire mata riga, kada a ajiye ta inda rana ke shigowa.

Ɗaliba daga Aliero:
Yaya Injiniya, duk wannan daidai ne, amma ni ina ganin kiran kai tsaye ba shi ne mafita ba. Ko an gyara sauti, na cikin ɗaki suna kallon juna, suna dariya kan abin da ba mu gani ba, mai magana yana nuna shafi da yatsa. Na kan waya sai ya zama kamar mai laɓe a bayan taga. In ya buɗe baki kuma, saboda jinkirin layi, sai ya faɗo a tsakiyar maganar wani, ya ji kunya ya yi shiru har a tashi. Ya ƙona data bai ce komai ba.

Ya fi a naɗi tattaunawar a turo. Naɗin murya a kan 64 kbps, wato ma'aunin ingancin naɗi, yana cin kusan MB 29 a awa, in an rage zuwa 32 ya dawo rabin haka, kuma magana tana fita sarai. A yanka shi gunduwa-gunduwa na minti 15, a rubuta a kan kowanne abin da aka tattauna. Mutum ya sauke da dare lokacin da data ke araha, ya saurara, ya amsa a rubuce.

Injiniya na Kalgo:
Ƙanwata, abin da kika faɗa na jinkirin layi gaskiya ne, kuma ba a gyara shi da na'ura, da mutum ake gyara shi. A naɗa mutum ɗaya a ɗakin wanda aikinsa kawai wakiltar na nesa. Ba ya shiga muhawara don kansa. Yana riƙe da wata waya yana karanta abin da ake rubutowa a zaure, in mai jagora ya ba mutum biyu na ɗaki dama, na uku dole na nesa ne, ko a buɗe masa ya yi magana ko wakili ya karanta saƙonsa da sunansa. In ba a sa wannan doka ba, na ɗaki ba mugunta za su yi ba, mantawa kawai za su yi. Naɗi kuma a yi shi, ban ƙi ba. Amma wanda ya saurari naɗi bayan kwana biyu ya zo an riga an sha romon zancen.

Ɗaliba daga Aliero:
To a juya tsarin mana. Tambayoyin da za a tattauna a fitar da su a zaure kwana biyar kafin taro. Na nesa su amsa tun kafin, a rubuce ko da saƙon murya da bai wuce minti biyu ba. Ranar taro a buɗe da amsoshinsu, na ɗaki su ɗora a kai. Ka ga su ne suka fara shan romon.

Injiniya na Kalgo:
Wannan ya fi nawa. Na karɓa. Kiran kai tsaye sai a bar shi ga minti 30 na ƙarshe, na tambaya da amsa.

Ɗan Gusau:
Salam. Ina so in ja kunne kan dogaro da waya ɗungurungum. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro, aka yi makonni ba kira ba intanet. Duk ƙungiyar da ba ta da komai sai zauren WhatsApp, a lokacin nan ta zama babu ita. Wadda 'ya'yanta suka san gidajen juna ita ce ta ci gaba. Ba sai an kai ga haka ba ma: wayar mai kula da zaure ta ɓace, ko a sace masa lamba, shi ke nan tarihin shekaru ya tafi.

Don haka a samu masu kula aƙalla uku a garuruwa daban, kowannensu ya kunna lambar sirri ta mataki biyu a WhatsApp ɗinsa, kuma kada kowa ya ba wani lamba shida da ake turowa ta tes, ko da ya ce daga zauren nan yake, don ta nan ake ƙwace asusu. A ajiye rajista a takarda: suna, gari, lamba, a hannun mutum biyu.

Abu na biyu shi ne ya fi muhimmanci a wurina. Me ya sa haɗuwa sai Birnin Kebbi? In akwai mutum huɗu a Gusau, uku a Yauri, biyar a Aliero, kowane gari ya yi tasa haɗuwar a rana ɗaya, kan labari ɗaya, da tambayoyi iri ɗaya. Mutum huɗu ba sa buƙatar janareto ko haya, inuwar bishiya da tabarma sun isa. Kowane rukuni ya turo rahoton layi goma da yamma. Babban taro na kowa da kowa kuma sau biyu a shekara ya wadatar.

Hajiya ta Yauri:
Ɗan Gusau ya kawo magana. Amma kafin a ce mutum uku da ba su san juna ba su haɗu a gari, a gyara ƙofar shiga zauren. A WhatsApp duk wanda ke cikin rukuni yana ganin lambar kowa. Adireshin shiga yana yawo a Facebook, kowa ya ga dama ya faɗo, bai taɓa karanta shafi ɗaya ba, ya kwashi lambobin 'yan mata ya fara "salam, ya kike" da tsakar dare. Da yawa daga matan da suka fice daga zaure irin wannan ba sa faɗin dalili, ficewa kawai suke yi. A kunna wurin da ke sa sai mai kula ya amince kafin sabon mutum ya shiga, a sauya adireshin shiga, kuma duk sabo ya faɗi wanda ya kawo shi. Wanda ya bi mace ta bayan fage ba da izininta ba, ta nuna shaida, a cire shi, ba sai an yi zaman sulhu ba. Wurin da za a haɗu kuma kada a rubuta shi a fili, a tura wa waɗanda suka ce za su zo.

Sai karɓar baƙo ranar da ya fara zuwa. Wanda kuke gani zaki a rubuce, mai amsa kowa da dogon sharhi, sau da yawa in ya zo sai ka gan shi a lungu ya rasa bakin magana, don an san sunansa na waya ba a san fuskarsa ba, su kuma tsofaffin zuwa sun riga sun dunƙule. In ya koma gida a haka ba zai sake zuwa ba, kuma rubutunsa a zaure ma zai ragu. Maganinsa mai sauƙi ne. Takarda da alƙalami a bakin ƙofa, kowa ya rubuta sunan da aka san shi da shi a zaure ya maƙala a riga. Mutum ɗaya ya tare shi, ya zaunar da shi kusa da wanda suka saba musu a rubuce. Wurin gabatarwa kada a ce "faɗi tarihinka", a tambaye shi abin da yake karantawa yanzu, wannan kowa yana da amsarsa.

Hoto kuma a tambaya kafin a ɗauka, a sake tambaya kafin a ɗora. Akwai wadda aka bari ta zo taro amma ba a yarda hotonta ya hau intanet ba, hoto ɗaya zai sa a hana ta har abada.

Na Jega (mai kula da zaure):
Hajiya, an kunna amincewar shiga yanzun nan, an kuma sauya adireshin. Ma'aji, ina kake? Maganar kuɗi ta rage.

Ma'aji:
Ga ni, ranka ya daɗe. Tushen gunagunin shi ne kuɗi iri biyu ne aka zuba a tukunya ɗaya. Akwai abin da kowa ke amfana da shi, kamar sayen littafi da datar wayar da ke haɗa taro. Akwai kuma abin da mai zuwa kaɗai ke mora: ruwa, lemo, mai, hayar kujeru. Na Zuru ya biya kuɗin wata a saya wa na Birnin Kebbi lemo, dole ransa ya sosu. A raba. Kuɗin wata ya zama kaɗan, na kowa. Hidimar ranar taro masu zuwa su haɗa a ranar.

Daga kuɗin wata kuma ina ba da shawarar a ware kashi ɗaya cikin uku don kawo na nesa. Wannan ma akwai shi a tarihin harkar. Tun 1953 masu son labaran nan a Turai da Amurka ke da asusun da suke kira TAFF, ana tara gudummawa, a zaɓi mutum ɗaya da ƙuri'a, a biya masa ya tsallaka teku ya halarci taron ɗaya ɓangaren, in ya dawo ya rubuta rahoton tafiyarsa. Mu tekunmu ita ce hanyar Koko da na Yauri da Zuru ke bi. A misali, in mutum 40 suka ba da naira 500 a wata, an samu 20,000, kashi ɗaya cikin uku ya haura 6,500, cikin wata shida ya kai 40,000. A duba kuɗin mota na lokacin a ga mutum nawa zai ɗauko zuwa babban taro. Masauki kuwa 'yan gari su ɗauka, maza wurin maza, mata wurin mata.

Abin da ke lalata irin wannan asusu sananne ne: kuɗi a asusun bankin mutum ɗaya haɗe da nasa, ba rubutu. Buɗe asusu da sunan ƙungiya yana buƙatar rajista, ba mu kai nan ba. Kafin lokacin, asusu daban wanda ba a komai da shi sai wannan, mai riƙe kuɗi daban mai rubutawa daban, kuma ranar ɗaya ga kowane wata a ɗora hoton abin da ya shiga da abin da ya fita a zaure, ko da babu wanda ya tambaya.

Ɗan Zuru:
Tambaya: wanda bai biya kuɗin wata ba yana da ƙuri'a?

Baba na Gwandu:
A babban taron duniya da na ambata, wanda ya biya kuɗin zama ɗan ƙungiya yana jefa ƙuri'ar kyautar Hugo, wadda ake ba fitattun ƙagaggun labaran kimiyya, ko bai je ba. Biya ne sharaɗi, ba zuwa ba. A 2020 ma da annoba ta hana tafiya, taron da anka shirya yi a Wellington ta New Zealand kacokan a intanet anka yi shi. Kyautar Nommo ta marubutan Afirka, wadda anka fara a 2017, ita ma 'yan ƙungiyarsu daga ƙasashe daban-daban ke zaɓe ba tare da sun taru wuri ɗaya ba. Ni dai ra'ayina, abin da ya shafi kuɗi masu biya su yanke, zaɓen littafi kuwa na kowa ne. Ɗalibin da ba shi da ɗari biyar bai rasa hankalin zaɓen labari ba.

Malama 'Yar Argungu:
Na goyi bayan Baba. Kuma tunda an zo kan zaɓen littafi, a riƙa duba wanda kowa zai iya samu. In littafi kwafi ɗaya ne a hannun mutum ɗaya a Birnin Kebbi, an riga an ware na nesa tun kafin a fara. Gajeren labari ya fi dacewa da zaman wata-wata. Mujallar Omenana, wadda 'yan Najeriya suka kafa a 2014, tana fitar da irin labaran nan na marubutan Afirka kyauta a intanet. Na Hausa kuma akwai Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, na 1969, siriri ne, kuma da shi za a jawo waɗanda Turanci ke yi wa nauyi, don su ma suna cikinmu, shirunsu ne ya sa ba a lura da su. Fim kuwa a yi hattara: kallo tsakanin 'yan ƙungiya daban, sanarwa ga jama'a da karɓar kuɗin ƙofa daban, na biyun yana buƙatar izinin masu haƙƙin mallaka.

Injiniya na Kalgo:
Tunda fim zai koma nasa zama, ga lissafin wuta don a daina yankewa a tsakiya. Batir mai 12V 100Ah yana ɗauke da wat-awa 1,200, amma irin na ruwa ba a zuƙe shi ƙasa da rabi in ana so ya daɗe, saura 600. Ƙaramin majigi na LED kamar wat 70, kwamfuta 50, sifika 20, jimla 140, da asarar inbata a ce 165. Ya ba da awa uku da rabi, ya isa fim ɗaya har da saura. Majigi mai ƙwan fitila irin na ofis kuwa shi kaɗai yana jan wat 250 zuwa 300, batir ɗin ba zai kai awa biyu ba, kuma in wuta ta yanke masa farat ɗaya fankarsa ba ta samu ta huce ƙwan ba, ƙwan ke nan yake gajarta kwana. Farin bango ya fi zanen gado, don zane yana kaɗawa da iska kuma haske yana ratsa shi. A duba rubutun lissafin wat a ƙasan na'urar kafin ranar, kada a dogara da abin da ke jikin kwali.

Baba na Gwandu:
Akwai abu ɗaya da na Zuru da na Gusau da na Birnin Kebbi za su yi lokaci guda ba wanda ya fi wani kusa, shi ne kallon sama. Sama ɗaya ce a kanmu duka. A sa dare ɗaya, kowa a tsakar gidansu ko saman soro, ba mai fita daji, a buɗe kiran murya. Ba ku buƙatar manhajar da za ta gaya muku daren da babu farin wata, lissafin watan Musulunci ya isa: daga 25 ga wata zuwa 2 ko 3 ga sabo, da an yi isha'i sama duhu ce. A kashe fitilar tsakar gida, a kife fuskar waya, a ba ido minti 20 ya saba, don kallon allo sau ɗaya yana maido da kai farko. Kaza da 'Ya'yanta da ido ake ganinta a sanyin hunturu, Zara ma haka a lokacinta. Mai madubin hangen nesa na hannu irin 10x50, in ya jingina gwiwar hannu a kan katanga don kada ya yi rawa, zai iya ganin watannin Jupiter, ɗige-ɗige a jere gefenta, waɗanda masanin taurari Galileo ya gani a 1610. Daren 13 zuwa 14 ga Disamba kowace shekara taurari masu gudu suna yawaita. Abin da ke ɓata shi ƙurar hunturu ce, in ta yi kauri ba a ganin komai, don haka a sa dare biyu a jere, in na farko ya ƙi a koma na biyu.

Ɗaliba daga Aliero:
Baba wannan ya yi. Sai dai a riƙa duba jadawalin jarrabawa kafin a sa kowace rana, na jami'ar Aliero da na Kalgo da na kwalejin fasaha ta Waziri Umaru ba lokaci ɗaya suke ba. Kowace makaranta mutum ɗaya ya riƙa turo nasu da zarar ya fito.

Na Jega (mai kula da zaure):
Na ɗora ƙuri'a biyu a sama, ta komawa Asabar da safe da ta ware kashi ɗaya cikin uku, za a rufe su Alhamis bayan isha'i. Ɗan Gusau, haɗa mana sunayen garuruwan da ke da mutum uku zuwa sama. Hajiya, ke za mu sa lambarki don iyaye, in kin amince.

Hajiya ta Yauri:
Na amince ga na Yauri. Na Birnin Kebbi a nemo wadda ke zaune a garin, wadda uba zai iya gani da idonsa in ya zo bakin ƙofa. Akwai malamai mata biyu a zauren nan da ke can, zan yi musu magana yau da daddare.